An Kawo Mana Ganyen Sinawa, An Baro Gargaɗinsa a Can

Ranar Talata ƙanwata ta turo min wani bidiyo, ta biyo shi da tambaya: "Yaya, in saya wa Inna?" Wata baiwar Allah ce riƙe da leda cike da busassun tsirrai masu ruwan ƙasa, tana cewa daga tsaunukan ƙasar Sin aka kawo su, suna maganin suga, suna saukar da hawan jini, suna wanke ciki. Ta ce a jiƙa a sha ruwan safe da yamma. Sannan ta rufe da kalmar nan da na sha kuka da ita a wannan shafi: na gargajiya ne, ba shi da illa. Tun ranar raina yake a ɓace, domin na gane tsiron, kuma ruwan da take cewa a sha shi ne ainihin wanda masu shi suke zubarwa.

Sinawa suna kiransa juecai, Japanawa warabi, Koriyawa gosari. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ganyensa kamar gashin tsuntsu, yana mamaye gangaren duwatsu. Abin da ake ci shi ne tohonsa na farkon bazararsu, tun yana naɗe kamar dunƙulallen hannun jariri, har wasu Sinawan suna ce masa ganyen dunƙule, wasu kuma sarkin ganyayen dutse. Saiwarsa tana da sitaci. Ana daka ta, a wanke, a tace, a bar garin ya kwanta, kamar dai yadda matanmu ke fitar da gasara. Da wannan gari ake yin wata baƙar taliya a lardunan Sichuan da Guizhou, kuma shi ya riƙe rayuka a shekarun yunwa. Ba na raina shi. Abincin mutane ne na dubban shekaru, kuma wanda ya ci abincin Koriya da ake kira bibimbap da wuya bai ci shi ba.

Amma ku dubi yadda suke yi da shi. Babu wata tsohuwa a ƙauyen Japan da za ta tsinko warabi ta ba jikanta ɗanye. Sai ta barbaɗa masa tokar itace, ta kwara tafasasshen ruwa, ta bar shi ya kwana, ta zubar da ruwan, ta sake wankewa. A Koriya tafasawa ake yi, a shanya, ranar girki a sake jiƙawa a sake tafasawa. Shi kansa likitan Sinawa Li Shizhen, wanda babban kundinsa na magunguna, Bencao Gangmu, ya fito a 1596, ya sa shi cikin kayan lambu masu sanyaya jiki da sa fitsari, amma a wurin ya kawo kashedin magabatansa cewa yawan cinsa yana raunana ƙafa, yana rage ƙarfin jiki. Wato likitocin da ake fakewa da sunansu su kansu sun yi kashedi a kan illarsa.

Kimiyya ta zo daga baya ta gano dalili. Makiyaya a Turai sun daɗe da sanin cewa shanun da suka dage da kiwonsa suna fitsarin jini, suna kamuwa da sankarar mafitsara, tumaki suna makancewa, dawakai kuma suna tangaɗi saboda wani sinadari a cikinsa da ke lalata bitamin B1. A 1983 masana a Jami'ar Nagoya suka ware gubar da ake kira takwilosaid, wadda ke yi wa ƙwayoyin halitta ɓarna, har tana ratsawa cikin nonon saniya. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsiron a rukunin 2B, na abubuwan da mai yiwuwa suna jawo wa ɗan Adam sankara. Gubar nan tana narkewa a ruwa, zafi da toka suna karya ta. Tsohuwar Japan ba ta san sunanta ba, amma hannunta ya san abin yi. Na yarda, miliyoyi suna ci jefi-jefi bayan an gyara shi, kuma suna tsufa lafiya.

Mu ma ai mun san irin wannan. Wace uwa ce za ta ba yaro rogo mai ɗaci ba a jiƙa ba, ba a shanya ba? Kakanninmu sun san abin da ake tafasawa a zubar da ruwan fari, sun san inda kanwa ke shiga. Wannan sani shi nake jin tsoron muna zubarwa, muna maye gurbinsa da lasifikar bayan mota a bakin tasha, inda kwalba ɗaya ke maganin basir da shawara da rashin haihuwa. Na rubuta a kan waɗannan motoci har wasunku suka ce na takura musu. Yanzu motar ta shigo cikin waya, ta shiga ɗakin matan aure da tsakar dare, ta koyi ambaton sunan ƙasar Sin don a ji nauyin kayan.

Bari in faɗa ba kwana-kwana. Wanda ya ɗauko tsiron da bai san yadda ake gyara shi ba, ya ce wa mai ciwon suga ta sha jiƙonsa kullum, ba ɗan kasuwa ba ne, mai wasa da ran mutane ne, kuma Allah zai tambaye shi. Babu wata shaida tabbatacciya cewa juecai yana warkar da suga ko hawan jini. Mafi muni, wadda ta yarda da maganar za ta ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta mata, mu wayi gari da labarin shanyewar ɓarin jiki, a ce ƙaddara ce.

Na ce wa ƙanwata kada ta saya, Inna ta ci gaba da maganinta na asibiti. Ke ma 'yar'uwa, idan bidiyon nan ya iso wayarki, don Allah kada ki tura shi gaba.