Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Kafa Zaman Munazara a Zinder

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, Alhaji Abubakar Sanda Umaru.  

Wannan wasiƙa tana ɗauke da roƙo guda, shi ne fadar Damagaram ta sa albarka ga kafa zaman munazara na dindindin a birnin Zinder, cikin harshen Hausa, wanda zai haɗa ɗaliban lise, wato babbar sakandare, da na jami'a da almajiran zaure da samarin unguwanni. Abin da ake nufi da munazara a nan shi ne mutane su zauna a kan tambaya guda wadda ba a samun amsarta ta hanyar ƙidaya ko duba kundi, kamar mene ne adalci, ko yaushe biyayya take zama laifi, kowa ya faɗi ra'ayinsa tare da dalilinsa, a gwada dalilin da misalin da ke goya masa baya da wanda ke rushe shi, har mazauna su ga inda hujja ta tsaya da inda ta karye. Wannan zama ya bambanta da wa'azi, inda mutum ɗaya ke magana sauran suna saurare, kuma ya bambanta da gasar muhawara ta makarantu, inda ake raba yara gida biyu, kowane ɓangare ya kare abin da aka ɗora masa ko da bai yarda da shi ba, a tashi a ba mai bakin da ya fi kaifi kyauta.

Zinder ba ta rasa wuraren zama, kuma Mai Martaba ya fi kowa sanin haka. A wannan birni ne fadojin samari, wato majalisun hira na matasa, suka fara bayyana cikin shekarun 1990, lokacin da guguwar dimokuraɗiyya ta zo tare da rashin aikin yi da karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, daga nan suka bazu zuwa Maraɗi da Yamai da sauran garuruwan Nijar, har masaniyar nan Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kansu a 2019. Kowace fada tana da sunanta a jikin bango, da shugabanta da ma'ajinta, kuma a kan tabarma ko benci, ana jiran shayi ya nuna a kan gawayi, ake tattauna siyasa da addini da tsadar aure da labarin waɗanda suka tafi Libiya ko Aljeriya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙa'idar magana. Galibi wanda ya fi murya, ko wanda ya fi shekaru, ko wanda ya sayi sukari, shi ne ke rufe zance, kuma saƙon murya da ya shigo waya ta WhatsApp yakan zama gaskiya nan take ba tare da wani ya tambayi wanda ya faɗa ko yadda aka yi ya sani ba. Mutanen Zinder ba su manta da ranar 16 ga Janairun 2015 ba, ranar da zanga-zanga kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta zama ƙone majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa, aka kuma rasa rayuka. Fushin yana da dalilinsa, amma tambayar ko maƙwabci Kirista yana ɗauke da laifin wani mai zane a Faris tambaya ce da duk wanda ya saba auna hujja zai yi wa kansa kafin ya ɗauki ashana. Ba daidai ba ne kuma a ɗauka cewa samarin ba su da tunani, domin fim ɗin da Aïcha Macky ta fitar a 2021 kan unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyin da ake kira palais ya nuna matasa suna bayyana halin da suke ciki da basira mai ban mamaki. Munazara ba za ta ba su aiki ba, ba kuma za ta kawo ruwa a famfo ba, kuma duk wanda ya yi musu alkawarin haka ya yaudare su.

A makarantar boko kuwa, falsafa, wato ilimin bincika tushen abin da mutum ya ɗauka gaskiya ko daidai, tana zuwa ne a ƙarshen lise, cikin Faransanci, da nufin cin jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare. Ɗalibi a lise Amadu Kuran Daga yakan haddace maganganun Aflatun da Descartes da Kant domin ya zuba su a takarda, kuma da wuya a ba shi zarafin ya kare ra'ayinsa a gaban ƴan ajinsu, balle ya janye shi idan an rinjaye shi da hujja. Mafi yawan yaran garin ma ba sa kai wa wannan aji. Hakan ya sa jama'a suka ɗauki falsafa a matsayin kayan Turawa, alhali Zinder ce ta karɓi makarantar gwaji ta farko da ta koyar da yara cikin Hausa a 1973, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron da ke neman kalma a harshen da bai ƙware ba, hankalinsa yana kan nahawu, ba ya kan hujja.

Akwai malamai da iyaye da za su ji tsoron cewa irin wannan zama ƙofa ce ta shakka a addini, kuma tsoronsu ya cancanci amsa daga cikin zauren kansa. Manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani ingantacce, daɗaɗɗen darasi ne a makarantun ilimi na ƙasar Hausa da Barno, inda ake karanta Sullam na Abdurrahman al-Ahdari, malamin ƙarni na 16, kuma littafin tauhidi na Imam Sanusi, Ummul Barahin, yana farawa ne da rarrabe hukunce-hukuncen hankali guda uku, wajibi da mustahili da ja'izi. Malaman Musulunci sun ware fanni na musamman mai suna adabul bahsi wal munazara, wanda ake danganta tsara shi ga Shamsuddin as-Samarƙandi. A wannan fanni akwai mai da'awa, wanda nauyin kawo dalili yake kansa, akwai kuma mai tambaya, wanda aka ba hanyoyi uku kawai: ko ya ƙi yarda da wani ginshiƙi na dalilin har sai an tabbatar masa da shi, ko ya nuna cewa dalilin nan idan aka bi shi a wata mas'ala zai kai ga abin da mai da'awar kansa bai yarda da shi ba, ko kuma ya kawo nasa dalilin da ke tabbatar da kishiyar da'awar. Zagi da gori da tsalle daga wannan magana zuwa waccan ba su cikin ukun. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya koyon waɗannan hanyoyi da Hausa cikin ƴan makonni, kuma wanda ya iya su ya fi ƙarfin mai yaudara da daɗin baki. Tarihin yankin ma yana da shaidarsa. Damagaram ta rayu a ƙarƙashin inuwar Barno a ƙarni na 19, tana maƙwabtaka da daular Sakkwato, kuma tsakanin waɗannan dauloli biyu ne aka yi musayar wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi da Muhammadu Bello kan halaccin yaƙar Barno, inda Bello ya adana hujjojin abokin hamayyarsa a littafinsa Infaƙul Maisuri maimakon ya binne su. A Sakkwato ɗin ne kuma jikan Shehu Usmanu, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a falsafa ba tare da ya fita daga sahun malamai ba.

Wasu ƙasashe sun gwada irin wannan zama a zamanin nan. A Jamus Leonard Nelson ya bayyana tsarin tattaunawa irin ta masanin falsafar Girka Suƙraɗ a 1922, a Amurka Matthew Lipman ya kafa cibiyar falsafa don yara a Montclair a 1974, a Faris kuma Marc Sautet ya fara zaman falsafa a gidan shan kofi a 1992. Tsarin Lipman shi ne yara su zauna da'ira, a karanta gajeren labari, su da kansu su zaɓi tambayar da za a bi, malami kuma ya riƙe amsarsa, aikinsa ya tsaya ga neman dalili da hana katse magana. Makarantun Damagaram ba sa bukatar a fassara musu labaran Amurka, domin tatsuniyoyin Gizo kaɗai sun isa a shafe zango ana bincika bambancin wayo da hikima, da dalilin da ya sa mai sauraro ke murna idan maƙaryaci ya tsira.

Dalilin kawo wannan roƙo fada maimakon ma'aikatar ilimi shi ne ikon ma'aikata yana ƙarewa a ƙofar makaranta, alhali maganar Sarki tana isa ga masu unguwanni da limamai da iyayen yara a Birni da Zango da ƙauyuka. Ƴan siyasa kuwa, idan abin ya faɗa hannunsu, taron yaƙin neman zaɓe zai koma, kamar yadda samariya, wadda asalinta ƙungiyar matasan gari ce, ta zama hannun gwamnati a zamanin Seyni Kountché. Akwai kuma darasi a rayuwar ɗan wannan gari, marigayi André Salifou, wanda ya wallafa tarihin Damagaram a 1971, ya kuma shugabanci babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991. Taron ya nuna cewa ƴan Nijar suna iya zama su faɗa wa juna gaskiya, amma bayan shekaru kaɗan saɓanin shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou ya tsayar da gwamnati cik, har sojoji suka karɓe mulki a watan Janairun 1996. Dalilan wannan rikici suna da yawa, amma yana nuna cewa taron wata uku ba ya shuka ɗabi'ar da ba a koya tun ƙuruciya ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai roƙon yana da sharaɗi mai nauyi, wanda ake fatan Mai Martaba zai karɓa da haƙuri: Sarki ya buɗe ƙofa, amma kada ya zauna a ciki. Imam Gazali, a inda ya jera sharuɗɗan munazara da illolinta a Ihya'u Ulumiddin, ya fifita a yi ta a keɓe a kan a yi ta a gaban manya da sarakuna, saboda idon babba yana mai da neman gaskiya neman suna. A Damagaram, inda kunya da girmama na gaba suke da daraja, babu saurayin da zai ce wa dattijo hujjarsa ta karye alhali Sarki na kallo da dogarai a tsaye, kuma bai kamata a sa shi a wannan hali ba. Don haka zaman ya kasance ƙanana, mutum goma sha biyar zuwa ashirin, a ajujuwa da zauruka da fadojin da suka amince. Ƴan mata da matan aure, waɗanda fadojin samari ba su da wurinsu, su sami nasu zaman da jagora mace. Kuma a nisanci mayar da shi filin fafatawar aƙida tsakanin Izala da ɗariƙu, domin tambayoyin amana a kasuwa, da haƙƙin almajiri a kan gari, da abin da mai mulki ke bin talaka da abin da talaka ke binsa, sun ishi shekara guda.

Abin da zai ci lokaci shi ne horar da masu jagorantar zaman, domin malamin da ya saba ba da amsa yana shan wahala kafin ya koyi yin shiru. Wannan aiki ne da malaman falsafa na Jami'ar André Salifou, da masu horar da malamai a makarantar Askiya Muhammad, da malaman zaure da suka karanta manɗiƙi za su iya yi tare, idan aka sami wanda dukansu ke jin nauyinsa ya kira su wuri ɗaya, su fitar da ƙaramin littafin ƙa'idoji da Hausa, a boko da ajami. Hukumar UNESCO ta ware Alhamis ta uku ta watan Nuwamba a matsayin ranar falsafa ta duniya, kuma idan fada ta kira wannan ganawa da farkon shekarar karatu, rukunin farko na masu jagora zai iya fara zama a unguwanni biyu ko uku kafin wannan rana ta zagayo.

Allah ya taimaki Sarki. Haza wassalam.