Ƙaramin Fuli Ba Ya Ƙara Wa Tirela Ƙarfi, Ku Daina Tura Wa Direbobi Wannan Bidiyon

Yau ba maganar waya zan yi ba, ko da yake ta waya abin ya shigo mana.

Akwai wani bidiyo da yake yawo a TikTok da WhatsApp kwanan nan, wataƙila kai ma ka gan shi. Bature ne a garejinsa, ya kwance fulin gaban inji ya ɗaura wani na alminiyam mai ƙyalli, sai a nuno mota ta zabura taya tana hayaƙi. Wani ɗan uwanmu ya ɗora murya da Hausa yana cewa da wannan ɗan ƙarfen kaɗai motarka za ta ƙara ƙarfi, kuma za ta rage shan mai. Cikin sati guda direbobi uku ne 'yan Unguwa Uku suka nuna min shi a teburina. Ɗaya a cikinsu yayana ne, ɗan baffana, wanda yake jan Howo ɗin wani Alhaji. Har ya yi ciniki da mai sassaƙa ƙarfe a yi masa irinsa, ba tare da mai motar ya sani ba. Da ƙyar na tare shi, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Na san za ka ce me ya haɗa mai gyaran waya da injin tirela. Rabin maganar nan wutar lantarki ce, kuma da ita nake cin abinci. Ɗaya rabin lissafi ne na ajin sakandare.

Fulin nan yana maƙale ne a bakin kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin suke juyawa. Shi yake jan fambel, fambel kuma ya juya altaneta da famfon ruwa da fanka, da kwamfuresan AC idan motar tana da shi. Ka lura da kyau: fuli ba ya ƙona ko ɗigon gas. Ƙarfin inji daga mai da iskar da suka ƙone a cikin silinda yake fitowa. Abin da ƙaramin fuli yake yi kawai shi ne rage gudun waɗancan kayan, sai ɗan abin da suke ci daga injin ya ragu.

To nawa suke ci? Ɗauki altaneta. Babbar mota batir biyu take amfani da su a jere, volt 24, kuma idan inji yana aiki cajin yana kaiwa wajen volt 28. A ce altanetar tana ba da amp 80, ka ninka, ka samu watt 2,240. Ƙarfin doki ɗaya watt 746 ne, ke nan doki uku. Ko ka ninka shi biyu saboda abin da yake tafiya a zafi, doki shida ne. Motar yayana kuwa lambar 371 da ke jikinta ƙarfin dokinta ne. Kuma ko wannan shidan ba za ka tsira da su ba, domin altaneta gwargwadon wutar da fitilu da batir suke buƙata take jan inji, ba gwargwadon girman fuli ba.

Ga abin da za ka rasa kuma. Tirela idan tana tsaye inji yana sulo, juyi wajen 600 yake yi a minti. Fulin kiranshaf ya kan fi na altaneta girma kamar sau uku, ke nan altaneta tana juyi 1,800. Ka rage girman fulin da kashi ɗaya cikin huɗu, ta dawo 1,350, kuma a irin wannan gudun wutar da take bayarwa kaɗan ce. Yanzu ka tuna yadda motocinmu suke rayuwa: layin lodi a Dawanau, cunkoson Titin Zariya daga Na'ibawa zuwa Dangi, dare da fitilu a kunne. Batir yana fitarwa ba ya samun mai mayar masa. Wata asuba a Tafa ko Lakwaja ka murɗa makulli ka ji ƙit, shiru. Kuma tirela mai buhun siminti 600 ba Golf ba ce da yara huɗu za su tura maka.

Gaskiya ɗaya da zan ba masu bidiyon: fanka tana cin ƙarfi sosai, ta fi altaneta nesa ba kusa ba. Amma don Allah wa zai rage wa fanka da famfon ruwa gudu a Kano? A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, ga tan 30 a baya, ga lagireton da ƙurar hunturu ta riga ta toshe rabinsa. Dokin da ka samu a fanka da gaskit za ka biya shi, in ba ka yi sa'a ba har da tof.

Za ka ce to Baturen ƙarya yake yi? A'a, motarsa ce daban. A Amurka abin da suke kira da sunan babbar mota a irin waɗannan bidiyoyi mu a-kori-kura muke ce masa. Misali Ford F-150 Lightning da aka yi daga 1999 zuwa 2004, mai fetur ce, silinda takwas, kuma tana da wata na'urar cusa iska da ake kira sufacaja, wadda bel ne yake juya ta. A irin wannan motar idan ka canza fuli na'urar ta ƙara gudu, iska ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru da gaske. Abin dariyar ma, su babban fuli suke sa wa kiranshaf, ba ƙarami ba. Su kuma masu sa ƙaramin, ƙananan motocin fetur ne masu juyi 6,000 a minti, suna neman 'yan dawakai kaɗan don tsere. Howo da DAF da MAN da suke cike da Unguwa Uku turbo gare su, kuma turbo hayaƙin salansa ne yake juya shi. Babu bel a jikinsa ko ɗaya. Injin kuma da wuya ya wuce juyi 2,200. Wanda ya ɗora muryar bai san wannan ba, ko kuma ya sani bai damu ba tunda mabiya yake nema.

Sai babbar maganar, wadda ita ce ta sa na ɗaga wa yayana murya duk da ya girme ni. Wannan nauyin da kake gani a gaban inji ba ado ba ne, kuma ba kamfani ne ya rasa dabara ba. Duk lokacin da silinda ta buga, kiranshaf yana ɗan murɗewa ya dawo, kamar yadda kake murɗa tsumma. Ido ba ya gani, amma yana faruwa sau dubbai a minti, kuma injin silinda shida da yake sandarsa doguwa ce abin ya fi yawa. Shi ya sa ake haɗa fulin da abin shanye girgiza. A wasu injina zoben roba ne tsakanin ƙarfe biyu, a manyan injinan gas kuma sau da yawa gwangwani ne rufaffe mai zoben ƙarfe yana iyo cikin wani ruwa mai kauri. Ka cire wannan ka sa dunƙulen alminiyam, girgizar ba ta da wurin zuwa sai jikin sandar. Ba ranar za ta karye ba, shi ya sa ake ruɗuwa. Sai bayan watanni, a kan hanya, da lodi.

Kuma kada mu ɗora wa Turawa laifin duka, mu ma muna da namu tun kafin TikTok. Robar fuli ta tsage, maimakon a je Ƙofar Ruwa a nemo wani, sai a kai wa mai walda ya liƙe ƙarfen ciki da na waje. Mota ta tashi, kowa ya yi murna an tsira da kuɗi. Wallahi wannan da dunƙulen alminiyam ɗin duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Bakaniken da ya san aikinsa ya san haka, amma wasu in dai ka zo da kuɗi da bidiyo a hannu sai su ce maka an gama, ranka ya daɗe. Na san halin, domin a sana'armu ma akwai mai manna wa batir takardar da ta ninka ƙarfinsa a rubuce, da mai sa maka manhajar da wai take ƙara RAM. Ranar da kiranshaf ya karye kuwa ba bakanike ba ne zai tsaya gaban Alhaji, ba kuma mai bidiyo ba. Direba ne, mai iyali, wanda a kan albashinsa za a fara lissafi.

Idan mota ta rage ja, akwai dalili, kuma yawanci ba a ɓoye yake ba. Filtar iska ta cika da ƙura, filtar gas ta toshe saboda man da ake sha a gefen hanya, tiyon turbo ya tsage yana zubar da iska, nozul sun gaji, birki yana riƙewa, ko kuma lodin ne ya wuce ƙa'ida kowa yana kawar da kai. A motar yayana tiyon ne. Maɗaurinsa ya saki, kana jin fito idan ya taka totur, shi kuma ya ɗauka kukan turbo ne mai lafiya.

Kai da kake karanta wannan a waya, wataƙila ba ka da ko keke, amma kana da baba ko kawu ko maƙwabci direba, kuma kai ne kake tura masa abubuwa. Idan har an riga an taɓa masa fuli, ka ari mita irin tamu ta gyaran waya, ka sa ta a DC, ka ɗora a kan batiran biyu inji yana sulo fitilu a kunne. Ya kamata ka ga wajen volt 27 zuwa 28. In ka ga tana wasa a 24 ko 25, motar batir take ci, ya nemo tsohon fulinsa tun mai sassaƙar bai sayar da shi a kilo ba. Tunda kana wurin, ka zare cajar da yake sokawa a motar ka karanta jikinta. In ba a rubuta 12 zuwa 24V ba, ta ƙaramar mota ce, ita ce take ƙona masa IC ɗin caji yana zuwa yana cewa ni ne ban iya gyara ba.