Rumfar Yadi a Kan Filin Wasan Dattawa a Ostareliya

Da wuya ka ratsa gari a Ostareliya, komai ƙanƙantarsa, ba ka ga kulob ɗin wasan bols ba. Wasa ne na mirgina ƙwallo a kan shimfiɗaɗɗen fili mai gajeriyar ciyawa, tsawonsa mita 31 zuwa 40. Ana fara tura wata 'yar ƙwallo fara, sai kowa ya mirgino tasa mai nauyi, wanda ya fi kusantar farar shi ya ci. Da gangan aka ƙera ƙwallon ta rinjaya gefe ɗaya, don haka ba ta tafiya a miƙe, sai ta lanƙwaso, kuma a nan gwanintar take. Turawan Birtaniya ne suka kai wasan can, kulob ɗin Melbon da aka kafa a 1864 yana nan har gobe. Ba gudu ba tsalle, shi ya sa ya zama wasan dattawa maza da mata, kuma kulob ɗin shi ne majalisarsu.

Sai dai karawa ɗaya takan ci awa biyu ko uku mutum na tsaye a fili, ga shi ranar ƙasar ba ta da imani. Ostareliya da maƙwabciyarta Niyu Zilan su ne kan gaba a duniya a mafi munin nau'in sankarar fata, kuma an kiyasta cewa kusan mutum biyu cikin uku a Ostareliya za a same su da wani nau'i na cutar kafin su kai shekara 70. A 1981 hukumar yaƙi da sankara ta jihar Biktoriya ta fara yekuwa a kan abu uku: sa riga, shafa man kare fata, sa hula. A 2007 aka ƙara biyu, neman inuwa da sa tabarau. Wannan ƙarin ne ya fi ɗaukar hankalina. Riga da hula nauyi ne a kan mai jiki. Inuwa kuwa ba za ka ce wa tsoho ya nema ba sai ka gina masa ita.

To me za a gina? Bishiya ba ta yi, domin saiwarta na ɗaga ƙasa, ganyenta na zuba, filin kuwa so ake ya zama sumul. Ginshiƙi ma ba shi da wuri a tsakiya, dole rufin ya tsallake kusan mita 40 ba tare da ya dafa komai ba. Wasu kulob sun yi rufin kwano, amma da yawa sun koma ga yadi, saboda ba shi da nauyi kuma haske na ratsa shi, ba sai an kunna fitila da rana ba. Mafi araha shi ne saƙaƙƙen yadin roba mai 'yan ƙofofi, yana tare mafi yawan hasken da ke ƙona fata, amma ruwa na wucewa. Sai yadin foliyesta da aka shafe da roba, wanda ke tare ruwa. Mafi tsada shi ne na zaren gilashi da aka lulluɓe da Teflon, wanda kan yi shekara 25 ko fiye.

Babban abokin gaban irin wannan rumfa iska ce. Yadin da aka shimfiɗa a kwance yakan yi ta kaɗawa har ɗinkinsa ya saki, in kuma aka yi ruwa sai ya yi kwarmi ya tara shi, nauyin ya ja shi ƙasa, kwarmin ya ƙara zurfi, ya ƙara tara wani, har ya yage. Maganin shi ne a hana yadin zama a kwance ko ta ina. Ana yanka shi ƙyalle-ƙyalle bisa lissafin kwamfuta, a haɗa, a ɗora a kan bakunan ƙarfe ko a ɗaga wasu kusurwoyi a sauke wasu, yadda zai lanƙwashe sama ta wannan fuska, ya lanƙwashe ƙasa ta waccan. Sannan a ɗaure shi tamau da igiyoyin ƙarfe masu noti a bakinsu. Tushen ginshiƙan ma aikinsa ya bambanta da na gidan bulo: nauyin da zai ɗauka kaɗan ne, amma dole ya riƙe rumfar a ƙasa ran da iska ta shiga ƙarƙashinta tana son ɗauke ta. Shi ya sa za ka ga siririn ƙarfe a sama, amma kankaren da aka binne a ƙarƙashinsa ya isa abin mamaki, musamman a arewacin jihar Kwinsland inda guguwar teku ke sauka. Tsayi ma sai an auna. In rumfar ta yi ƙasa, zafi ya taru. In ta yi sama da yawa, ranar hantsi da ta la'asar su shigo ta gefe, ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Inuwar ba ta zo kyauta ba. Ciyawa ba ta rayuwa sai da rana, don haka duk kulob ɗin da ya rufe filinsa kusan dole ya tuge ta ya shimfiɗa kafet na roba. Da ma dogon farin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2009 ya riga ya tura da yawa zuwa ga kafet saboda an taƙaita ruwan ban-ciyawa. Tsofaffin 'yan wasa ba duka suka yi murna ba, domin tafiyar ƙwallo a kan kafet daban take. Amma an samu wasa ko ana ruwa, an samu na dare, ga matasa na zuwa su biya su yi wasa ba takalmi, kuɗinsu na taimakon asusun kulob.

Alhazanmu sun san irin wannan yadin rumfa ko ba su san sunansa ba. Rufin tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, wanda aka buɗe a 1981, tantuna 210 ne na zaren gilashi, gefensu a buɗe iska na wucewa. Tantunan Mina da ba sa kama wuta, waɗanda aka kafa bayan gobarar 1997, danginsa ne, haka ma manyan lemomi 250 na harabar Masallacin Annabi a Madina.

Sankarar fata ba ta damun baƙar fata kamar yadda take damun Bature, in ka cire zabiya, waɗanda rana ke yi wa mummunar illa ba tare da an kula ba. Namu ciwon zafi ne, daga Maris zuwa Mayu. Amma za a gina asibiti ko tasha a kashe miliyoyi, a manta inda masu jira za su tsaya. Sai mai shayi ya ɗaure tampol, mai tumatir ta ɗinka buhuna, iskar farkon damina ta zo ta kwashe duka a dare ɗaya. Inda aka yi rumfar kwano kuma, sau da yawa an yi ta ƙasa-ƙasa, kwanon na gasa ƙeyar mutane.

Ba na ganin hikima a sayo yadin Teflon don tashar mota. Inda ba a mirgina ƙwallo, darbejiya ta fi kowane yadi araha da sanyi, sai dai tana son shekaru. Kafin ta girma, yadin roba mai araha zai yi aiki in an lanƙwasa shi, an bar gefe a buɗe, an zurfafa tushe. Sauran aikin na kulawa ne: ƙurar hunturu na toshe ƙofofin yadin sai an wanke, igiyoyi na saki sai an ƙara ɗaure notinsu kafin ruwan farko. A Ostareliya kwamitin kulob ne ke yin wannan da kuɗin mambobi. A tashoshinmu ma akwai ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a hannun kowane direba kullum.