Kek Ya Samu Kujera, Alkaki Na Tsaye a Waje

Ranar Asabar ɗin da muka kammala jarrabawar zangon farko, ni da wata ƙawata Bakatsiniya muka ce bari mu je mu huce gajiya. Muka nufi wani ɗan ƙaramin shagon kek da shayi a unguwar Rayfield. Tebura huɗu ne kacal a ciki, sai akwatin gilashi cike da kayan zaƙi. Sanyin Jos kuwa ba sai an faɗa ba, tunda gari ne da ke kan tsauni mai tsayin fiye da mita 1,200, don haka shayi mai zafi da ɗan abin taɓawa ba ƙaramin daɗi suke yi ba.

Kala uku muka ɗanɗana: kek ɗin cakulan, da wani burodi mai ninki-ninki irin na Faransa, da kuma wani kek da aka jera wa sitiroberi a kai. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, domin a nan Filato ake noman sitiroberin, a yankin Vom da kewaye. Maganar gaskiya, mai yin su ta iya hannunta.

Muna cikin ci sai ƙawata ta kira yarinyar da ke kawo abinci ta ce, "'Yar'uwa, ko kuna da alkaki?" Yarinyar ta yi murmushi ta ce, "Ai Anti, ba ma yin na gargajiya. Wannan sai gidan biki." Da Hausa tsantsa ta ba da amsa, amma a takardar jerin abincinsu babu kalmar Hausa ko ɗaya. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ni ba da Hausa na buɗe baki ba. A kasuwar Terminus da cikin unguwa na tsince ta, sannan na zo aji na gyara. Kalmar "nakiya" a ƙamusun Bargery, wanda aka buga a 1934, na fara cin karo da ita, kuma sai da na shekara biyu kafin na sa ta a baki, a wajen garar wata amarya. A ranar na gane cewa shinkafa ce aka soya aka daka da man shanu da sukari da kayan yaji irin su citta da kanumfari, kuma takan yi watanni ba ta lalace ba. Gani ya kori ji. To, idan sai an yi aure za a ga nakiya, ɗalibi irina yaushe zai san ma'anar kalmar?

Ra'ayina shi ne, kalma tana rayuwa ne muddin abin da take nufi yana yawo a hannun mutane. Bahaushe ba matalauci ba ne wajen kayan zaƙi. Akwai alkaki na alkama da ake tsomawa a zuma ko ruwan sukari, ga dubulan, ga dakuwar aya, ga kantun riɗi, ga gullisuwa da tuwon madara. Duk ranar da waɗannan suka bar kasuwa, sunayensu ma za su koma cikin ƙamus su kwanta.

Wani zai ce ai aro ba laifi ba ne. Haka ne. "Burodi" da "biskit" daga Ingilishi muka same su, "sukari" da "alewa" kuwa daga Larabci, kuma yau babu mai ce musu baƙi. Ban ce a kori kek ba, ni ma na ci na lashe cokali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka cewa na waje ne kaɗai ya dace da faranti mai tsabta da akwatin gilashi, namu kuwa sai tire a bakin titi. Me zai hana a yanka alkaki ƙanana a jera shi kusa da kek, da sunansa a rubuce? Me zai hana a sarrafa accan Filato da madara da zuma a sa a jerin?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, aikin namu ne. Mai shago kasuwa yake bi; idan mutum goma suka tambayi dubulan a mako guda, zai nemo mai yi. Sannan idan an tafi hutu, mu zauna da iyayenmu mata da kakanni, mu rubuta sunayen waɗannan abinci da yadda ake yin su da kalmomin da ke tattare da aikin. Wannan ma ya isa kundin digiri.

Mu dai kafin mu fita sai da muka sake ce wa yarinyar ta gaya wa uwar ɗakinta an tambayi alkaki. Idan Allah ya kai mu ƙarshen zango na biyu, za mu koma mu sake tambaya.