Waƙar da Ba Ta da Shaida, Ta Mai Tsintuwa Ce

Akwai masu cewa bin diddigin wanda ya rera waƙa kaza a shekara kaza hirar teburin mai shayi ce, aikin wanda ya rasa abin yi. To, su kasa kunne.

A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda dominta aka gina filin wasan Réunification na Bepanda. Manu Dibango, haifaffen Duwala, ya yi wa gasar waƙa, ya kuma cike bayan faifan da wata mai suna "Soul Makossa". Kongo ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, waƙar gasar ta bi ruwa. Ta bayan faifan kuwa ta tsallaka teku, rediyon New York ya kama ta, a 1973 ta shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. A 1982 Michael Jackson ya ɗauki amshinta ya liƙa a waƙar da ta buɗe kundinsa Thriller, babu sallama balle izini. Dibango ya tsaya kan haƙƙinsa, sai da aka biya shi aka sasanta. Haka ma "Zangalewa" ta Golden Sounds, ta 1986: da Shakira ta gina waƙar kofin duniya na 2010 a kanta, duniya ta san masu ita.

Me ya cece su? Faifai mai ɗauke da suna da shekara, wato ainihin abin da ake kira tarkacen zance.

Mu juyo gida. Zuriya bayan zuriya Hausawa suka yi a New Bell. Aure nawa aka ɗaura, suna nawa aka raɗa da kalangu da guɗa da muryar zabiya? Matashinmu zai gaya maka Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, domin gidajen rediyon Nijeriya sun adana muryoyinsu. Tambaye shi sunan wanda ya kaɗa kalangu ranar bikin mahaifiyarsa, ka ji shiru.

Na san amsar wasu: ai roƙo ne, ba sana'ar alfahari ba. Wannan butulci ne. Mun yi musu liƙi da dare, gari ya waye mun ƙi zama da su a tabarma ɗaya. Alhali a bakin maroƙin nan asalin gidajenmu yake, shi ya san kakan wa ya taso daga Kano, na wa ya biyo ta Garwa ko Ngaundare da shanu ko goro.

'Yan'uwa, wayar hannunku tana ɗaukar murya. Ku zauna gaban tsofaffin matan unguwa, su rero abin da suka riƙe, ku rubuta sunan mai waƙar, da gidansu, da shekarar da aka yi ta. Ku yi tun suna da rai, domin ranar da wani ya tsinci amshinmu ya kai kasuwa, babu kotun da za ta karɓi "wai an ce".