Mai Ɗaukar Ruwa Ita Ta San Nisan Rijiya

Mu 'yan matan ajin ƙarshe ne, kuma muna neman afuwa idan maganarmu ta fi bakinmu girma.

Lokacin da muka shiga wannan makaranta, bencinmu cike yake. Yau akwai gurabe. Wasu an yi musu aure, Allah ya ba da zaman lafiya. Wasu kuwa, musamman waɗanda suka zo daga ƙauyukan wajen Tolon da Kumbungu da Savelugu, sun hau mota sun tafi Accra ko Kumasi yin kayaye. Wata ƙawarmu da ta fi mu duka hadda, bara da rani ta tafi. Yanzu tana ɗaukar kaya a ka a kasuwar Agbogbloshie, tana kwana a bakin shago, sama da kilomita 600 daga mahaifiyarta. Ba lalaci ya kore ta ba. Damina ɗaya gare mu a shekara, idan aka gama girbi ba aiki, ba jari, ga kayan ɗaki ana jira ta tara. To ina za ta je?

Mun zauna mun yi tunani, sai muka ga abu biyu ne suka yi wa yarinyar ƙauye ƙaranci: sana'ar da za ta riƙe ta a gida, da kuma wurin zama inda ake yanke shawara.

Batun sana'a, ai ba a rasa ta ba. Iyayenmu mata su ne ke tsintar ƙwarar kaɗanya tun asuba, su dafa, su shanya, su niƙa, su fitar da man kaɗe. Su ne ke turara shinkafa, su ke yin ƙuliƙuli da daddawa, su ke sarin ganye a lambunan bakin dam na Bulpiela su kai kasuwar Aboabo. Matsalar ita ce mace ɗaya da kwano ɗaya ba ta da bakin ciniki. Ranar da yaro ya kwanta ciwo, dole ta sayar da ƙwarar a kan duk kuɗin da mai saye ya faɗa. Amma idan mata ashirin suka haɗa susu, suka ajiye akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku, za su iya riƙe kayansu har farashi ya tashi. Irin wannan ƙungiya tana bukatar mai rubutu da lissafi. Wannan kuwa aikinmu ne, mu da aka koya mana rabon gado da lissafin zakka.

Sai batun shawara. Wa ke ɗaukar jarka idan famfo ya ƙafe? Mu ne. Wa ya san rijiyar da ke yankewa a watan Maris? Mu ne. Amma ranar da aka kira taron unguwa kan inda za a haƙa burtsatse, maza ne a kan benci, mu muna bayan katanga muna kawo ruwan sha. Tun 1988 aka kafa majalisun gunduma a Ghana, kuma ana zaɓensu duk shekara huɗu ba da sunan jam'iyya ba. A zaɓen Disamba 2023, matan da suka ci kujera ba su kai biyar cikin ɗari ba a faɗin ƙasar. Har bakinmu ya saba, kowa “asambiliman” yake cewa, kamar kujerar ta namiji ce tun fil'azal. Alhali doka cewa ta yi duk ɗan ƙasa mai shekara 18 da ya yi rajistar zaɓe, yake zaune a gundumar, zai iya tsayawa. A 2024 kuma majalisar dokoki ta zartar da dokar daidaita wakilcin mata da maza. Sai dai doka tana takarda ne, ba za ta zo har gida ta kama hannunmu ba.

Mun san abin da wasu za su ce: “Yarinya mai kunya ba ta magana a taro.” Kunya ado ce, ba mu ƙi ta ba. Amma malamanmu ne suka karantar da mu cewa Nana Khadija 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta, kuma a Hudaibiyya shawarar Ummu Salama ce Annabi (SAW) ya ɗauka har al'amari ya daidaita. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. A nan Dagbon akwai Gundo Naa, sarauta ce ta 'ya'yan Yaa Naa mata. Kowace unguwa tana da magajiya. Susanna Al-Hassan, mace ta farko da ta zama minista a Ghana, a nan Tamale aka haife ta. Kuma tun Janairu 2025 mace ce mataimakiyar shugaban ƙasa, Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang. Ashe ba baƙon abu muka kawo ba.

Wasu kuma za su ce siyasa akwai zagi da ƙazanta. Wallahi gaskiya ne, mun ji irin sunayen da ake kiran mace idan ta fito. Amma idan masu tsoron Allah duk suka ja baya, wa zai rage a wurin?

Saboda haka ga roƙonmu. Malamai, a ba mu dama mu riƙa jagorantar muhawara da riƙe asusun aji, domin wanda bai taɓa magana gaban mutum talatin ba, ba zai iya gaban ɗari uku ba. Iyaye maza, idan an kira taron unguwa, a sa shi bayan la'asar, ba cikin dare ba, a ajiye benci ɗaya na mata, a kuma tambaye su. Iyaye mata, ku sa 'yan mata cikin susunku ko da sidi biyu ne a mako. Yayyenmu da suka gama karatu, zaɓe na gaba a 2027 ne. Ko kwamitin unguwa ne, wata ta fito, mu za mu bi gida gida mu yi mata.

Mu ma mun ɗauki alkawari. Badi yawancinmu za mu cika 18, za mu yi rajistar zaɓe. Kuma wannan hutun za mu je ƙauyen ƙawarmu mu zauna da ƙannenta biyu, mu koya musu rubutu da lissafi, ko Allah zai sa su kada su hau waccan motar.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne. Allah ya dawo mana da 'yan uwanmu gida lafiya. Amin.