Manhajar waya ba ta isa ta saita wa mafarauci bindiga ba

Duk shekara idan kaka ta kama, mafarauta a jihohin Colorado da Montana na Amurka sukan hau duwatsu neman elk, wata ƙatuwar barewa da namijinta kan wuce kilo 300. Kafin su fita sai sun saita bindiga, wato su daidaita madubin hange da inda harsashi ke sauka, galibi a nisan yadi 100 ko 200.

Yanzu waya ta shigo harkar. Akwai manhajoji irin su Hornady 4DOF da Applied Ballistics masu lissafa yadda harsashi zai yi ƙasa a kowane nisa. A 2018 kamfanin Sig Sauer ya fitar da tsarin BDX, inda na'urar auna nisa ke aika bayani ga madubi ta Bluetooth, sai wani ɗigon haske ya nuna inda za a auna. Abin da burgewa, amma kuskure ne mutum ya ɗauka wannan ya raba shi da zuwa filin gwaji.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata. Saurin harsashin da ke jikin kwali, da bindigar gwajin kamfani aka auna shi, ba da ta mafarauci ba. Idan wannan lamba ta kauce, duk lissafin da ya biyo baya ya kauce, kuma wayar za ta nuna shi ba tare da ko ɗar ba. Haka idan saitin farko ya karkace da inci biyu a yadi 100, a yadi 400 ya zama inci takwas. Wannan ya isa harsashi ya bar huhu ya sami ciki, dabbar ta gudu da rauni ta mutu a wahalce inda ba mai ganinta.

Inda manhaja ke da rana shi ne canjin wuri. Wanda ya yi saiti a ƙasa-ƙasa sannan ya hau dutse mai tsayin mita 3,000 zai tarar iska ba ta da kauri, harsashi ba ya faɗuwa kamar da. Wannan lissafi kam waya ta fi ƙwaƙwalwa. Sai dai sanyin dutse na saurin cinye batir, shi ya sa gogaggun mafarauta ke harba uku-uku a kan takarda, su tabbatar da lambobin, sannan su rubuta su a manne a gindin bindiga.